Tuƙin motar haya ta manhaja a Kaduna: da gaske ne direba shi ke da ikon lokacinsa?

Baban Amira, Unguwar Dosa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san sana'ar ɗaukar fasinja ta manhajar waya, irin su Bolt da Uber da inDrive, musamman masu yin irin wannan aiki a cikin garin Kaduna. Ni ma'aikaci ne a sashen kuɗi na wani kamfani mai zaman kansa a Kakuri. Ina fita da sassafe, ba na dawowa sai bayan magariba, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 albashin ba ya kai ni ƙarshen wata, domin kaso mai tsoka a tankin mota yake ƙarewa tsakanin gida da wurin aiki. Ina da Corolla tawa ta kaina, tsohuwa ce amma lafiyarta ƙalau.

Wani tsohon abokin aikina da ya koma wannan sana'a yana yawan gaya mini cewa yanzu shi ke da wuƙa shi ke da nama, ya fita lokacin da ya ga dama, ya koma gida lokacin da ya ga dama, ba mai yi masa tsawa a kan makara. Maganar ta shiga raina, har ina tunanin ajiye aiki. Sai dai duk ranar da muka haɗu da shi idanunsa jajur suke, kuma wayarsa ba ta barin hannunsa ko muna cikin hira.

Abin da nake so in sani shi ne, shin wannan 'yanci na zaɓen lokaci gaskiya ne ga wanda ya dogara da sana'ar kacokan don ciyar da iyali? Wace irin damuwa ce ke cikinta wadda na waje ba ya gani? Kuma ku da kuke ciki, kuna jin daɗin aikin har zuci, ko kuwa haƙuri ne kawai kafin Allah ya kawo wani?

Ɗan Rigasa:

Wa alaikumus salam, Baban Amira. Ni a wannan sana'a nake ci nake sha, kuma motar da nake ja ba tawa ba ce, ta wani bawan Allah ce da nake kai wa balas duk mako, saboda haka ka san daga inda maganata ta fito.

Abin da abokinka ya faɗa gaskiya ne ta fuska ɗaya. Babu wanda zai kira ka ya tambayi dalilin makara, kuma idan aka yi rasuwa a unguwa kana iya kashe manhajar ka tafi jana'iza ba tare da rubuta takardar neman izini ba. Abin da bai gaya maka ba shi ne, ba kai kake zaɓar lokacin da fasinja yake kan titi ba. Fasinjan Kaduna yana da lokutansa. Akwai safiya, daga bayan sallar asuba zuwa wajen ƙarfe tara, lokacin da ma'aikata da masu kai yara makaranta da masu sammakon jirgin ƙasa suke neman mota. Akwai yamma, idan an tashi daga ofisoshi da kasuwa, da lokacin da jirgin Abuja ya iso tashar Rigasa, sai kuma Juma'a da Asabar saboda bukukuwa. A tsakanin waɗannan, musamman da rana tsaka, sai dai ka sami inuwa a Unguwar Rimi ko Barnawa ka faka, ka kashe inji, ka zuba wa waya ido. Wanda ya ce sai lokacin da ya ga dama zai fita yana iya yin hakan, amma zai koma gida da abin da bai kai kuɗin man gobe ba. Lokutan da kuɗin suke kuwa su ne daidai lokutan da gida yake bukatar maigida, domin a lokacin ne ake kai yara makaranta, a lokacin ne ake cin abincin dare.

Tun da a sashen kuɗi kake, bari mu yi lissafi. A ɗauka kuɗin tafiya naira 5,000 ne. Manyan kamfanonin suna cire kamasho da yakan kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, wato naira 1,000 zuwa 1,250 sun tafi ke nan tun ba ka taɓa kuɗin ba. Tafiyar da ka yi kafin ka isa wurin fasinja babu mai biyan ka ita, haka nan dawowa. Duk wanda ya saba kai mutane Millennium City ko Rigachikun ko filin jirgin sama ya san sau da yawa shi kaɗai zai juyo yana ƙona mai. Litar fetur ba ta kai naira 200 ba kafin ranar 29 ga Mayun 2023, cikin 'yan kwanaki ta wuce 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. An ƙara kuɗin tafiya, amma ƙarin bai taɓa kamo na mai ba. Sannan ga juyen baƙin mai, ga taya da birki, ga data, ga wankin mota, ga takardun da jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, da na hukumar kiyaye haɗura suke dubawa. Yawancin sababbin shiga ba sa cire kuɗin gyara daga cinikin yini, suna ganin duk abin da ya rage bayan mai riba ce, sai ranar da giyar mota ta ba da matsala bakanike ya faɗi kuɗi sannan su gane cewa motar suke ci.

Game da damuwa, ba tuƙin ne yake gajiyar da ni ba kamar rashin tabbas da kuma taurarin da fasinja yake ba direba a manhaja don auna aikinsa. Ka isa ƙofar gida, ka kira, a ce maka "ga ni nan fitowa", alhali mutum ko wanka bai shiga ba. Kana zaune inji yana aiki, kana kallon agogo, kana tunanin ko ka soke tafiyar, kuma ka san yawan sokewa yana rage maka daraja a manhaja. Idan ya fito sai ya ce ka kunna masa sanyi, ya ce ka biya da shi Kasuwar Barci ya karɓi ɗinki, a ƙarshe ya nuna maka waya ya ce ya tura kuɗi, kai kuwa ba ka ga alat ba, ga motoci a bayanka suna ta hon. Duk wannan dole ka haɗiye shi da murmushi, domin ƙorafi ɗaya yana iya sa a rufe maka asusu. An taɓa rufe nawa a kan ƙorafin da har yau ban san wanda ya kai shi ba, na rubuta bayani ina samun amsa iri ɗaya da alama na'ura ce take aiko ta, mai mota kuma bai rage mini ko sisi a balas ɗin makon ba. Da dare kuma akwai fargabar wanda ka ɗauka, domin shi yana ganin hotonka da lambar motarka, kai kuwa suna kawai kake gani, wataƙila ma ba nasa ba ne.

Ko ina jin daɗin aikin? Ina jin daɗin cewa ba na jiran ƙarshen wata kafin in sayi shinkafa, kuma ba na roƙon kowa. Amma da ƙanena ne ya zo mini da wannan tambaya yana da albashi a hannu, ba zan ce ya ajiye ba.

Baba Mai Ritaya, Malali:

Ɗan Rigasa ya faɗi gaskiyarsa, Allah ya buɗa masa ya sami tasa motar. Sai dai ina so Baban Amira ya ji ta bakin wanda sana'ar ta karɓa, don kada ya ɗauka kowa kuka yake yi.

Ni na yi ritaya daga aikin gwamnati, motar tawa ce, babu mai bi na bashinta, fansho kuma yana shigowa ko da ba ya isa. Ina fita bayan na karya, idan aka kira azahar na kashe manhaja ke nan sai gobe, ranar Juma'a kuwa ba na fita sam. Ba na ɗaukar tafiyar dare, ba na zuwa unguwar da raina bai kwanta da ita ba. Zan iya cewa tun da na fara aiki a rayuwata ban taɓa yin wanda ya kwanta mini a rai kamar wannan ba, domin ya raba ni da zaman majalisa, yana haɗa ni da mutane iri-iri, daga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna zuwa masu zuwa dubiya asibitin Barau Dikko, kuma abin da nake samu yana ɗauke mini cefane.

Ku yaran yanzu ba ku ga yadda tuƙin haya yake a da ba. A zamanin da Peugeot 504 da ake haɗawa a Kakuri take tashe, direba sai ya je tashar Kawo tun duhun asuba ya kama layi, ya jira mota ta cika, ya biya 'yan kamasho, kuma wani lokaci yini guda lodi ɗaya zai yi. Na cikin gari kuma yawo yake yi yana hon yana neman wanda zai tsayar da shi. Yau kana zaune fasinja yake nemanka, an riga an yanke kuɗi, babu ciniki babu rantse-rantse. Su kansu taurarin da ɗana Ɗan Rigasa yake kuka da su, ni ina ganin sun yi amfani, domin su suka sa direbobi suke wanke mota suke kuma tausasa harshe, abin da wa'azi bai sa wasu sun yi ba. Mata da yawa da nake ɗauka suna gaya mini cewa sun fi samun natsuwa idan sun san sunan direba da lambar mota tun kafin su shiga.

Amma ba zan rufe ka ba, ɗana. Ni ina iya kashe waya da azahar ne saboda ba da kuɗin wannan yini za a biya kuɗin makarantar kowa ba, 'ya'yana sun girma. Da ina da balas a wuyana, ko haya tana jira na, da ni ma sai dare zai dawo da ni. Shawarata ita ce kada ka saki reshe ka kama ganye. Ka yi rajista, ka riƙa fita ranakun Asabar da Lahadi, ka ga abin da idonka.

Maman Sadiq, Kinkinau:

Assalamu alaikum. Ni ba direba ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, amma ƙanen maigidana wannan sana'a yake yi, kuma ina ganin direbobi a wurin aiki, yawanci sai abu ya yi tsanani suke zuwa. Jan idon da Baban Amira ya gani a fuskar abokinsa shi ya sa na ga ya kamata in sa baki.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani rahoto na haɗin gwiwa, wanda ya nuna cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako yana da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da ƙarin haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin ɗari, idan aka kwatanta da mai aikin awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta cewa mutum 745,000 ne suka rasu a duniya a 2016 ta wannan dalili. Direban da yake fita bayan asuba ya dawo bayan isha'i, kwana shida a mako, ya wuce awa 55 nesa ba kusa ba, ko da rabin lokacin a fake ya yi shi. Zaman jiran ma ba hutu ba ne, domin mutum yana zaune ne a ɗarare, kunnensa yana kan ƙarar waya.

Masu nazarin lafiyar ma'aikata sun daɗe da lura da wani abu da ya yi daidai da bambancin da ke tsakanin Baba da Malam Ɗan Rigasa. Tun 1979 wani masani mai suna Robert Karasek ya bayyana cewa aikin da ya fi cutar da mutum shi ne wanda matsinsa yake da yawa amma ikon mai yin sa a kan yadda za a gudanar da shi kaɗan ne. Direban manhaja yana da ikon kunnawa da kashewa, amma a mafi yawan manhajojin ba shi yake yanke kuɗi ba, ba shi yake zaɓar wanda za a turo masa ba, ba ya kuma da ta cewa a kan hukuncin da za a yi masa. Idan bashi ko balas ya ƙwace masa ikon kashewar ma, to matsin kawai ya rage masa. Baba yana riƙe da wannan iko ɗaya, shi ya sa yake barci lafiya.

Abubuwan da nake gani a zahiri ƙanana ne amma suna taruwa. Direba yana ƙin shan ruwa saboda gudun neman banɗaki a tsakiyar gari, a cikin zafin Maris da Afrilu kuwa wannan ba ƙaramar illa ba ce ga ƙoda. Yana wuce lokacin cin abinci, sai ya cika cikinsa da lemon ƙara kuzari da biskit. Ciwon baya da na wuya sun zama ruwan dare, sai a riƙa sayen maganin kashe ciwo a kyamis ana sha kullum ba tare da ganin likita ba, wasu ma har ya kai su ga ƙwayoyin da ba a son ambata. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne gyangyaɗi a kan sitiyari, musamman ga masu karɓar shata zuwa Zariya ko Abuja bayan sun yini suna zagaya gari. Hawan jini kuma ba ya sallama, saboda haka duk mai wannan aiki ya riƙa auna jininsa a kai a kai ko yana jin kansa garau.

Wani abin da maza ba sa cika faɗa shi ne abin da ke faruwa a gida. Mutumin da ya yini yana haɗiye maganar fasinja yana ba da haƙuri, sau da yawa a kan matarsa da yaransa yake sauke abin da ya tara. Ka shigar da Maman Amira cikin wannan shawara, Malam, domin ita ma za ta ɗauki nata kaso.

Abu Hafsat, Tudun Wada:

Ina da abu guda da zan ƙara ta ɓangaren doka, tun da aikina ya shafi harkar ƙwadago. A yarjejeniyar da direba yake amincewa da ita lokacin rajista, kamfanin manhaja ba ya ɗaukarsa a matsayin ma'aikacinsa, yana ɗaukarsa ne a matsayin mai sana'ar kansa da yake amfani da manhajar. Saboda haka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai shafe shi ba, ba shi da hutun da ake biya, ranar da ya kwanta ciwo kuma ba shi da ko kwabo.

An yi shari'a a kan wannan batu a ƙasashe da dama. Wadda ta fi shahara ita ce ta Birtaniya, inda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Fabrairun 2021 cewa direbobin Uber da suka kai ƙara suna da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutun da ake biya. Dalilan kotun sun yi kama da waɗanda Hajiya Maman Sadiq ta ambata: kamfani ne yake yanke kuɗi, shi yake tsara sharuɗɗa, kuma yana sa ido a kan direba ta hanyar taurari da ƙididdigar tafiyoyin da ya ƙi karɓa. Kotun ta kuma amince cewa lokacin aiki yana farawa ne daga sa'ar da direba ya kunna manhaja a yankin da aka ba shi izini yana shirye ya karɓi fasinja, ba sai fasinja ya shiga mota ba. Wannan hukunci ba ya aiki a Najeriya. A nan, abin da aka samu shi ne rajistar ƙungiyar direbobin manhaja, wadda ake kira AUATON, da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta yi a 2023, kuma a watan Yunin shekarar direbobin sun janye aiki suna neman a ƙara kuɗin tafiya a rage kamasho bayan tashin farashin mai.

Kai da kake da albashi, Baban Amira, ka tuna cewa a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, idan kamfaninku yana cikin tsarin, yana zuba maka aƙalla kwatankwacin kashi 10 cikin ɗari na albashinka a asusun fansho, kai kana zuba kashi 8. Ranar da ka ajiye aiki wannan kashi 10 ya tsaya. Za ka iya ci gaba da tara wa kanka ta tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ƙaddamar a 2019, za ka kuma iya shiga inshorar lafiya ta jiha ta hukumar KADCHMA, amma duka daga aljihunka za su fito, don haka ka sa su cikin lissafin da Ɗan Rigasa ya fara maka. Ka kuma duba takardar inshorar motarka, domin wadda aka yanka don amfanin gida ba lallai ta biya ba idan haɗari ya faru kana ɗauke da fasinjan haya.

Baban Amira, Unguwar Dosa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan bi shawarar Baba in fara da ƙarshen mako. Malam Ɗan Rigasa, idan na yi wata biyu ina fita Asabar da Lahadi, abin da na samu zai isa in auna yadda sana'ar za ta riƙe ni idan na koma gaba ɗaya?

Ɗan Rigasa:

Ba zai isa ba, kuma a nan ne nake ɗan saɓa wa Baba, da neman afuwarsa. Asabar tana cikin ranakun da suka fi ciniki, ga ɗaurin aure ga kai amarya ga masu ziyara, kuma za ka fita ne da ƙarfinka, da sanin cewa albashi yana nan tafe. Idan ka ninka cinikin Asabar sau shida za ka yaudari kanka. Abin da zai nuna maka gaskiya shi ne ka ɗauki hutunka na shekara ka yi shi a kan titi, daga Litinin zuwa Asabar, har da Talata da rana tsaka da kwanakin tsakiyar wata da aljihun ma'aikata ya bushe suka koma hawa keke napep. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta lokacin da ka kunna manhaja da lokacin da ka kashe, da kuɗin mai, da kamasho, da abin da ka ware wa bakanike, kada kuma ka taɓa albashin watan a cefane. Idan hutun ya ƙare ka raba abin da ya rage da yawan awannin da ka yi a waje, har da na jira, sannan ka raba albashinka da awannin da kake yi a Kakuri, ka ajiye su gefe da gefe.